Baƙo Mai Tambaya a Ƙasar Wurno: Ina Amsarmu Take Zuwa?

Jama'a, akwai wani irin baƙo wanda mutanen gabashin Sakkwato suka daɗe da saninsa, tun daga Kwargaba da Acida ta ƙasar Wurno, har Gandi ta ƙasar Rabah, har can Goronyo. Ba ya sayen albasa, ba ya taya tafarnuwa, ba ya kuwa neman ƙuri'a. Abin da yake zuwa da shi littafi ne da alƙalami, a zamanin nan kuma har da waya mai allo, ga tafinta a gefensa. Da ya sami wurin zama sai tambaya. 'Ya'yanka nawa? Nawa ne ke zuwa boko, nawa ne ke makarantar allo? Don me ka fid da 'yarka daga aji huɗu? Damin gero nawa ka samu bara? In ya cika littafinsa sai ya yi godiya, ya shiga mota, shi ke nan.

To, da yawa cikin masu karatunmu ba su san ko wane ne wannan mutum ba, saboda haka bari mu bayyana. Galibi ɗalibi ne na jami'a wanda ya riga ya sami digirin farko, yana neman babba. Dokar jami'o'i kuwa ita ce, ba za a kira mutum Dakta ba sai ya fita ya binciko wani abu da kansa, ya rubuta babban kundi a kai. A Ingila da Amurka akwai sassa na musamman waɗanda ba su da aiki sai nazarin ilmi da raya ƙasashe matalauta, watau ƙasashe irin tamu. Ɗalibi yakan shirya tambayarsa, malaminsa ya sa hannu, a ba shi kuɗin tafiya, ya zo ya yi wata shida ko shekara guda a cikinmu. In ya koma ya rubuta, manyan malamai biyu ko uku su karanta su yi masa jarrabawa, a ba shi riga da hula, a ajiye kundin a ɗakin littattafai. Daga nan sai aiki, sai albashi, sai girma. Haka kuma ɗaliban jami'o'inmu na gida suke yi, na Sakkwato da na Zariya da na Kano, sai dai su kuɗin motar ma da ƙyar suke samu.

Mu ba mu ce a kori kowa ba. Neman ilmi ba laifi ba ne, baƙo kuwa yana da hakkinsa. Amma mu 'yan kasuwa ne da 'ya'yan 'yan kasuwa, mun san ƙa'idar ciniki: wanda ya ɗauki kaya ya ajiye kuɗi. Manomin da ya bar rijiyarsa a fadama ya zauna awa biyu yana ba da amsa, ya sayar da wani abu. Matar da ta bar tukunyar ƙosai ta faɗi asirin gidanta, ita ma ta sayar da wani abu. Tambayarmu ita ce, me aka ajiye musu?

Wannan al'amari ba yau ya fara ba. A 1853 wani Bature mutumin Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya yi makonni yana rubuta labarin gari da kasuwa da hanyoyi. Littattafansa suka fito da Jamusanci da Turanci, masu neman sanin ƙasarmu suka karanta suka ƙaru, shekara hamsin bayan saukarsa kuwa, a 1903, Turawa suka ci Sakkwato. Ba mu ce shi ya kawo su ba. Mun dai ce labari ba ya zama inda aka ajiye shi, kuma mai ba da shi ba ya sanin hannun da zai ƙarasa.

Ku dubi kuma Baba mutuniyar Karo. A 1949 da 1950 wani ɗalibi mai suna M. G. Smith yana bincike a ƙasar Zazzau domin digirinsa, matarsa Mary kuwa ta zauna da wannan tsohuwa tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, da Hausa. Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito da Turanci a 1954, ya zaga duniya, har yau ana karantar da shi a jami'o'i. Amma Hausar da tsohuwar ta faɗa da bakinta, sai da aka yi kusan shekara arba'in kafin a buga ta a Kano yadda jikokinta za su iya karantawa. Haka ma Murray Last, wanda ya zauna wurin Waziri Junaidu a Sakkwato yana karanta takardun daula, ya sami digirinsa a Ibadan a 1964, littafinsa na tarihin Daular Sakkwato ya fito a 1967. Aiki ne mai kyau ƙwarai, babu mai musu. Amma shi ma sai da ya haura shekara arba'in kafin malamanmu su juya shi da Hausa. Shekara arba'in, jama'a! Yaron da aka haifa ran da aka yi tambayar ya yi furfura kafin amsa ta iso.

Inda ya fi kamata mu tsaya shi ne batun ruwa, domin shi ya taɓa tukunyar kowa a wannan yanki. A 1978 aka gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta kukan diyya, har suka tsare hanyoyi. A watan Afrilu na 1980 aka aika musu 'yan sanda da bindigogi. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, wasu kuwa suka ce sun haura ɗari uku. Wannan kowa ya ji. Abin da ba kowa ya ji ba shi ne wahalar mutanen da ke ƙasa da madatsar, masu zaune a bakin gulbin nan da ke gangarowa ta Rabah. Su ba a karɓe musu gona ba, saboda haka babu wanda ya sa su cikin lissafin diyya. Ambaliyar da take cika musu fadama kowace damina ce kurum ta ragu.

To, a daidai wannan lokaci wani ɗalibin jami'ar Kambirij, William Adams, ya bi ƙauyukan fadamar nan yana tambayar manoma da masunta. Ya gama kundinsa a 1983, ya buga sakamakon a mujallar masana a 1985. Lissafin da aka fitar shi ne, cikin hekta 19,000 na fadama, an yi asarar noman shinkafa a wajen hekta 7,000, da noman rani a wajen hekta 5,000. Manoma suka koma shuka gero da dawa inda dā suke girbin shinkafa, rijiyoyin lambu suka yi zurfi, kifi ya ragu, masunta suka yi ƙaura. Watau abin da talaka yake faɗa ana ce masa ƙauyanci ne, ga shi ɗan boko ya auna ya tabbatar. Wannan shi ne amfanin bincike na gaskiya, kuma muna yaba wa wanda ya yi shi. Adams ya zama farfesa a Kambirij, labarin fadamarmu ya shiga littattafan da ake koyarwa a kan ɓarnar manyan madatsu.

Amma ku lura da kwanan wata. Madatsar Goronyo a kan gulbin Rima an gama ta a 1984, shekara guda bayan kundin nan. Mutanen Goronyo da na Wurno, waɗanda fadamarsu take ƙasa da ita, su ne suka fi kowa a duniya bukatar jin abin da ya sami maƙwabtansu na gulbin Sakkwato. Da an karanta musu da Hausa a ƙofar masallaci ko a rediyo, da sun san tambayar da za su yi wa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima: yaushe za a riƙa sakin ruwa, nawa za a saki, wa zai yi gargaɗi, wa zai biya in an yi ɓarna? Wannan tambaya ta gargaɗi da biya sai da ambaliyar Satumba ta 2010 ta share gonaki da gidaje kafin ta zama maganar kowa. Ilmin yana nan a rubuce, da Turanci, a hayin teku.

Yanzu mu zo kan makaranta, inda masu tambaya suka fi yawa. Babu abin da aka ƙidaya a ƙasar nan kamar 'ya'yan talakawan Arewa. Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya. A 2022 hukumar UNESCO ta ce sun kai wajen miliyan 20. Masu ƙidayar ma ba su shirya tsakaninsu ba. A 2011 da 2013 wani shiri na hukumar taimako ta Amurka, USAID, ya gwada 'yan firamare a jihohin Sakkwato da Bauci, aka ba su rubutun Hausa, harshen da suka tsotsa, aka tarar mafi yawansu ko kalma guda ba sa iya karantawa. Wannan labari ne mai nauyi, kuma shi ya haifar da littattafan Mu Karanta da aka raba daga baya, gwamnatin jiha kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2015. Amma wa ya tara iyayen yaran nan ya ce musu, ɗanka ya shekara uku yana zuwa, ga abin da muka gani? Rahoton ya tafi Abuja da Washinton. A 2025 kuwa gwamnatin Amurka ta rufe hukumar ɗungum, masu motoci suka kwashe kayansu. Da an bar labarin a hannun iyaye, da ba wanda ya isa ya rufe shi, gama uban da ya san ɗansa bai iya karatu ba shi zai je ya tsaya a kan hedimasta da sakataren ilmi.

Akwai kuma wani aibi, shi ne hanyar da ake bi a shigo gari. Baƙo yakan fara da ofis, ofis ya ba shi takarda zuwa wurin hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya sa a tara mutane. Su wa ake tarawa? Waɗanda suka saba zama a ƙofar fada. Talaka kuwa in ya ga mai littafi zaune kusa da mai gari, sai ya tuna da abin da kakansa ya gaya masa: a zamanin En'e ba a ƙidaya mutum sai domin haraji, ba a ƙidaya saniya sai domin jangali, ba a ƙidaya yaro sai domin a ɗauke shi boko tilas. Don haka sai ya ba da amsar da ba za ta jawo masa magana ba. In kuwa ya ji ƙishin-ƙishin cewa za a raba wani abu, sai ya ba da amsar da za ta sa sunansa cikin takarda. Baƙo ya rubuta duka a kan gaskiya ce. Matan da ke cikin kulle, waɗanda su ne suka san dalilin da ya hana yarinya zuwa makaranta yau, ko ganinsu bai yi ba.

Daga irin wannan zama ne ake fitar da maganar nan da muka gaji da ji, wai talakan Arewa ba ya son ilmi, wai al'ada ce, wai addini ne. A ƙasar Wurno za a faɗi haka? Garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi ya zauna yana rubuta littattafai har ya rasu a 1837? Garin da Nana Asma'u ta yi zama, ita da ta naɗa jajiyoyi ta ba su malfa, suka riƙa jagorantar 'Yan Taru daga ƙauyuka suna ɗauko karatu suna kai wa mata 'yan'uwansu? Wannan ma, a gaskiya, wata baƙuwa ce ta taimaka duniya ta sani: Jean Boyd, malamar makaranta wadda ta shekara da shekaru a Sakkwato, ta koyi Hausa, ta zauna gaban Waziri Junaidu, littafinta a kan Nana ya fito a 1989. Bambancinta da mai zuwa yini guda shi ne ta daɗe, ta ji harshe, ta kuma shiga cikin gida.

Wanda ya shiga cikin gida zai ga lissafi ne, ba ƙiyayya ba. Wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta nuna a Kano cikin shekarun 1970 cewa sana'ar matar kulle a kan ɗan talla take tsaye, kuma ribar tallar ita ce take zama kayan ɗakin yarinya. Kowace uwa a kasuwar Acida ta san wannan ba sai an gaya mata ba. In ka ɗauke yarinya daga talla, ka rufe wa uwarta shago. Da aka zo shirin karatun 'ya'ya mata na UNICEF da kuɗin Ingila, wanda aka yi daga 2012 zuwa 2022, aka gwada ba iyaye mata a Sakkwato da Neja naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya, sai ga 'yan mata a aji. Ashe dai ba taurin kai ba ne. Ƙara da wannan, uba yana da ido. Yana ganin ajin da ba rufi, da malamin da ke zaune a birni yana zuwa ran da ya ga dama, da ɗan maƙwabcinsa da ya gama sakandare yana tuƙa babur. Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas ne. Mai bincike da zai tambayi talaka don me bai kai ɗansa ba, ya kamata ya wuce ofis ya tambayi inda kuɗin rufin ya shiga. Wannan tambaya ta biyu kuwa ba a cika yinta ba, domin ofishin ne ya ba da takardar izini.

Yau kuma abin ya wuce batun ɓata lokaci, ya zama batun rai. Tun harin Tabanni na Yulin 2018, inda aka kashe mutum fiye da talatin, saura suka gudu Gandi suka cika makaranta, har zuwa ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 da 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka mutu, wannan yanki bai koma yadda yake dā ba. Abin mamaki, kalmar da masu bincike suke kiran mai ba su labari da ita a Turanci, ita ce dai wadda mutanenmu suka mayar infoma, kalmar da in an jefi mutum da ita yau ba ya kwana da daɗi. Takardar da ke ɗauke da sunan mutum, da yawan shanunsa, da damin hatsinsa, da yawan 'yan matan gidansa, in ta faɗa hannun da bai dace ba, kowa ya san abin da za ta zama. Tun da hanya ta yi tsoro, masu bincike da yawa sun daina zuwa da kansu. Sukan zauna a birni ko a ƙasarsu, su ɗauki samarinmu masu takardar koleji marasa aiki, su ba su waya su tura su ƙauye, a biya su a kan kowace takarda da suka cika. Yaronmu ne ke hawa babur a hanyar daji, shi ne ya san wace tambaya ce ba a yi wa dattijo, amma ran da kundi ya fito sunansa ba ya kan bango.

Kada kuma a zargi talaka in ya yi shakka. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada magani a kan yara wajen 200 a Kano ana cikin annobar sanƙarau, 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Tambayar makaranta ba allura ba ce, mun sani. Amma ƙa'idar guda ce, kuma jami'o'in da kansu sun rubuta ta cikin dokokinsu: ba a binciken mutum sai an gaya masa ko mene ne, ya yarda da bakinsa, kuma yana da ikon ya ce a'a ko da an fara. Yardar hakimi ba ta zama yardarka ba. Wannan hakki naka ne ko ba ka iya ko bihim ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu na Kwargaba da kewaye, in mai littafi ya sauka, ku shimfiɗa masa tabarma ku ba shi ruwa kamar yadda muka gada, sa'an nan kafin ya yi muku tambaya ku yi masa taku. Wa ya aiko ka, wa ya biya kuɗin? Ina za ka kai sunana, wa zai gani? Yaushe za ka dawo ka gaya mana abin da ka samu? In ya amsa da kyau ku taimake shi da gaskiya, ku kuma kai shi ya ga ajin da rufinsa ya yaye, ku bar matan gida su yi magana da bakinsu, in mace ce ko yana da mace a tare da shi. In ya yi ta kame-kame, ku yi masa sai wata rana.

Ga jami'o'inmu kuwa, musamman ta Usmanu Danfodiyo wadda take nan tun 1975 a bakin wannan fadama, muna roƙo su sa doka: duk kundin da aka rubuta a kan mutanen karkara, kada a ba mai shi digiri sai ya taƙaita shi da Hausa a shafi biyu ko uku, na boko da na ajami, ya kai garin da ya yi aikin, an karanta a bainar jama'a. Baƙon da ya zo daga waje ya nemi takardar izini, shi ma a ɗora masa wannan sharaɗi, a kuma sa sunan yaran da suka yi masa aiki. Kuɗin wannan bai kai na tayar mota guda ba. Asusun TETFund da ke biyan kuɗin karatun malaman jami'a, da ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, su ware wani abu domin ɗan manomi da 'yar mai ƙosai da suka yi ƙoƙari su kai ga babban digiri, su ma su riƙe littafin, su yi tambayar da ta dame mu: don me albasa take ruɓewa kafin ta yi daraja, nawa ne ke isa aji cikin kowace naira ɗari da aka ware, yara nawa ne na sansanin gudun hijira suka koma karatu.

Mu kuma a namu gefen, shafin nan a buɗe yake. Duk ɗalibin da ya yi bincike a gabashin Sakkwato, na gida ko na waje, na bana ko na shekara arba'in da suka wuce, ya aiko mana da taƙaitaccen bayaninsa da Hausa, za mu buga ba ko kwabo. Wakilanmu kuma za su ɗauka su karanta wa jama'a a rumfunan Acida da Gandi da Goronyo ran kasuwa.